Wasannin Kwamfuta na Sata da Cutar da Ke Ɓoye a Cikinsu

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Wanda ya ratsa lungunan tsohon birnin Kano, kamar na unguwar Sheshe, zai tarar da samari sun yi cincirindo a gidajen gem da rumfunan masu tura fina-finai, inda ake zuba wa mutum wasan ƙwallo ko na tseren mota a waya ko a filashi kan 'yan kuɗi kaɗan. Da yawan waɗannan wasanni kofe ne da aka kwafa ba da izinin masu su ba, abin da doka ta kira satar fasaha. Asarar kamfanonin da suka ƙirƙiro su sananniya ce. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne haɗarin da ke kan wanda ya saya.

Yadda cutar ke shiga

Kamfani yakan sa wa wasansa makulli, wato wani ɓangare na manhaja mai tabbatar da cewa an biya kuɗi. Kafin wasan ya yi aiki kyauta, sai wani gwani ya fasa wannan makulli ta hanyar sauya umarnin da ke ciki. To, wanda ya iya cire umarni ya iya ƙara wani. Ta nan ne ake cusa muguwar manhaja, wadda ake kira ƙwayar cutar kwamfuta. Sau da yawa ma akan shawarci mai sa wasan ya kashe manhajar rigakafi tukuna, ka ga ke nan shi da hannunsa ya buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Alaƙar satar fasaha da wannan cuta ta daɗe. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta ƙwayar Brain, wadda ta yaɗu ta faifan fulofi. Sun ce manufarsu ita ce maganin masu kwafar manhajarsu. A 2021 kuwa, kamfanin Avast ya ba da rahoton wata ƙwaya mai suna Crackonosh, da aka ɓoye cikin kofen wasanni irin su Grand Theft Auto V da Pro Evolution Soccer 2018. Ta kama kwamfutoci fiye da 220,000. Idan ta shiga, sai ta kawar da manhajar rigakafi, sannan ta sa na'urar aikin haƙo kuɗin intanet na Monero dare da rana. Masu ita sun tara abin da ya kai kimanin dala miliyan 2, su kuwa masu kwamfutocin suka kwashi zafin na'ura da nawarta da ƙarin kuɗin lantarki. Wasu ƙwayoyin sun fi haka muni, domin sukan saci lambobin sirri na banki. Wayar da yaro ya sa wa wasa kuwa, ta yiwu ita ce mahaifinsa yake tura kuɗi da ita a Kasuwar Kurmi.

Abin da doka ta tanada

Nijeriya ta kafa Dokar Laifuffukan Intanet a 2015, aka yi mata gyara a 2024. Dokar ta haramta yaɗa muguwar manhaja da gangan, da shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta hana fasa makullin da mai fasaha ya sa wa aikinsa. Akwai kuma cibiyar ngCERT, a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, wadda ke fitar da gargaɗi game da sababbin hare-hare.

Sai dai doka ba ta iya tsayawa a bakin kowace rumfa. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya ɗauko wasa daga sanannun rumbuna kawai, inda akwai na kyauta masu yawa. Ya ƙi duk wasan waya da ya nemi izinin karanta saƙonninsa. Kada kuma ya kashe rigakafi don wani ya ce ya kashe. Malamai su ma su hana sa filashin da ba a bincika ba a ɗakin kwamfuta na makaranta, domin filashi ɗaya ya isa ya harbi dukan na'urorin da ke ciki. Rigakafi dai ya fi magani.