Kashi 10 Cikin 100: Lissafin da Ke Ɓoye Halin da Masu Ɗaukar Jakar 'Yan Wasan Golf Mata Ke Ciki

A watan Nuwamban 2024, a garin Naples na jihar Florida ta Amurka, 'yar ƙasar Tailan Jeeno Thitikul ta lashe gasar rufe kakar wasan golf ta mata, ta tashi da dala miliyan 4, kuɗin da ba a taɓa ba wata mace ba a gasa guda a wannan wasa. Da bugu ɗaya tak ta rinjayi Angel Yin, wadda ta samu miliyan 1. Nan take masu bibiyar wasanni suka shiga lissafi: tunda an saba ba mai ɗaukar jaka, wanda 'yan wasan ke kira kedi, kashi 10 cikin 100 idan uwar ɗakinsa ta ci gasa, ashe mutumin da ke bin ta a baya da jaka a kafaɗa zai iya samun dala 400,000 cikin kwana huɗu. Daga nan zance ya rabu biyu. Wasu suka ce ai babu sana'a mai daɗi kamar wannan, wasu kuma suka ce ɓarna ce a ba ɗan dako kuɗin da likita ba ya samu a shekara. Duka ɓangarorin biyu kallon kitse suke wa rogo, domin sun ɗauki rana guda mafi kyau a rayuwar mutum guda suka auna sana'a gaba ɗaya da ita.

Yadda ake biyan kedi a gasannin ƙungiyar LPGA, wadda mata 13 suka kafa a 1950, ba ɓoyayyen abu ba ne. Ba ma'aikacin ƙungiyar ba ne, 'yar wasa ce ke ɗaukarsa, ita ke biyansa daga aljihunta, kuma galibi da baki ake ƙulla maganar. Akwai kuɗin mako da aka tsayar, wanda yawanci yake faɗawa tsakanin dala 1,000 da 2,000, sai kuma kaso daga abin da 'yar wasan ta ci: tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne kashi 5 idan ta samu wani abu, kashi 7 idan ta shiga cikin goman farko, kashi 10 idan ta zo ta ɗaya. Abin da masu lissafi suke tsallakewa shi ne, daga cikin kuɗin makon nan ne zai sayi tikitin jirgi, ya biya masauki, ya ci abinci, ya yi hayar mota, ya biya haraji, ya kuma nemi inshorar lafiya da kansa. Gasannin kuwa ba a gari ɗaya ake yinsu ba. A farkon shekara ana Tailan da Singafo da Sin, da bazara ana zagaya jihohin Amurka, a tsakiyar shekara a tsallaka Evian ta Faransa da Sikotilan, kafin shekara ta ƙare kuma a koma Koriya ta Kudu da Malesiya da Japan. Shi ya sa za ka tarar da kedi uku ko huɗu sun haɗa kuɗi sun kama ɗaki guda, ko sun cika mota guda suna tafiyar yini ɗaya daga wannan gasa zuwa waccan.

Sai maganar tankaɗe da rairaya, wadda ita ce ƙashin bayan al'amarin. A cikakkiyar gasa 'yan wasa 144 ne ke farawa ranar Alhamis. Bayan kwana biyu, 65 na sama da waɗanda suka yi kunnen doki da ta ƙarshensu ne ke ci gaba zuwa Asabar da Lahadi, sauran a sallame su, kuma a yawancin gasanni ko sisi ba sa samu. Ke nan a irin wannan gasa fiye da rabin masu ɗaukar jaka suna komawa da kashi 5 na babu. Wadda ta tsallake da ƙyar ta ƙare a ƙasan jeri, mu ƙaddara ta samu dala 5,000, rabon kedinta 250 ne. Wanda ke son ya gane wannan hali ya tuna da ɗan kamasho a tasha wanda ba ya samun komai sai mota ta cika, amma a ce shi zai biya kuɗin motar da za ta kai shi tashar, kuma tashar kowane mako tana wata ƙasa. Ko ya tuna da dillalin da ya yi wa dabba rakiya daga ƙauye zuwa kara, ya ciyar da kansa a hanya, kasuwa ta watse ba a saya ba, la'ada ta bi ruwa. Ko manomin da ya karɓi gona a kan za a raba amfani, ya zuba ƙarfinsa da irinsa, alhali ba shi ke da iko da ruwan sama ba. Kedi ya fi su duka shiga tsaka mai wuya ta fuska guda: shi ba ya taɓa ƙwallo ko sau ɗaya, abincinsa gaba ɗaya yana rataye ne a hannun wata.

Kalmar ɗan dako ita ce ta fi ci mini rai a wannan muhawara. Wanda ya saba ganin samari suna bin manyan mutane da jaka a filin golf na Kano ko Kaduna ko Rayfield a Jos yana iya ɗauka aikin bai wuce haka ba. Gaskiya ne akwai dako a ciki, kuma ba ƙarami ba: jakar ƙwararriyar 'yar wasa, da sanduna 14 da ƙwallaye da ruwa da laima da rigar ruwa, tana kai kilo 20, kuma da ita ake zagaya ramuka 18 na tsawon awa biyar, a rana ko a ruwa. Amma ba don ƙarfin kafaɗa ake raba kuɗin gasa da mutum ba. Tun ranar Litinin ko Talata kedi yake fita shi kaɗai ya taka filin, ya auna nisan kowane kwarin yashi da kowane tafki, ya duba inda ƙasa ta karkata a kewayen kowane rami, ya rubuta a ɗan littafinsa. Ranar gasa shi zai ce saura yadi 152, amma iska na busowa ta gaba kuma ramin yana kan tudu, don haka a buga kamar 165, kuma a kauce wa hagu domin wanda ya faɗa can ba ya fita da sauƙi. Dole ya san nisan da kowace sanda ke kai wa uwar ɗakinsa da sanyin safiya da kuma tsakar rana, da yadda hannunta ke ƙara ƙarfi idan zuciyarta na bugawa. Dokar wasan ta hana 'yar wasa karɓar shawara daga kowa a cikin fili sai daga kedinta, ko da mai horar da ita na tsaye a bakin igiya. Dokar ta kuma ce duk laifin da kedi ya yi, 'yar wasa za a hukunta. Idan ya manta sanda ta 15 a jaka, bugu biyu za a ƙara mata a kan kowane ramin da aka buga da ita, har zuwa huɗu. A wasan da bugu ɗaya ya raba dala miliyan 4 da miliyan 1, ba a ba wanda bai san aiki ba irin wannan amana.

Masu ja da wannan magana suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Tun 2021 LPGA ta yarda a yi amfani da na'urar auna nisa a yawancin gasanninta, aikin da a da kedi ke yi da taku da littafi. Tun 1 ga Janairun 2019 kuma hukumomin da ke tsara dokokin wasan, R&A da USGA, suka hana kedi tsayawa a bayan 'yar wasa yana daidaita mata saiti lokacin da take shirin bugu, al'adar da ta yi ƙaurin suna musamman a gasannin mata. Sannan a 2020, lokacin annobar korona, da aka ba 'yan wasa zaɓin fita ba kedi, Lindsey Weaver ta tura jakarta da kanta a kan ɗan keke a babbar gasar Birtaniya da aka yi a Royal Troon, kuma ta yi kwanaki tana cikin na gaba-gaba. Duk wannan haka yake. Sai dai na'urar nisan tuta kawai take faɗa, ba ta san iska ba, kuma doka ta hana a kunna sashenta mai lissafin tudu da gangare. Ba ta gane cewa 'yar wasa ta fusata bayan ta jefa ƙwallo a ruwa, tana neman ramawa da bugun ganganci, balle ta tausa ta. Hujja mafi ƙarfi kuwa ita ce abin da 'yan wasan da kansu suke yi: su ne suka fi kowa sanin zafin fitar da kuɗin nan, amma da annoba ta wuce ba a ga sun rungumi keke sun sallami kedi ba.

Dokar hana jan ƙafa ma ta ƙara wa kedi nauyi. Bayan koke-koken da suka yi yawa a ƙarshen 2024, inda Charley Hull ta fito fili ta soki yadda zagaye guda ke neman cin awa shida, LPGA ta tsaurara hukunci daga Maris ɗin 2025. 'Yar wasan da aka sa wa agogo tana da daƙiƙa 40 ta yi bugu. Idan ta wuce da daƙiƙa 1 zuwa 5 tara ce, 6 zuwa 15 a ƙara mata bugu ɗaya, 16 zuwa sama bugu biyu. Dokar ta dace, 'yan kallo sun gaji. Amma wanda zai riga kowa isa wurin ƙwallo da kilo 20 a baya, ya gama lissafi kafin uwar ɗakinsa ta iso, ya kuma taƙaita shawararsa cikin kalmomi kaɗan, shi ne kedi, kuma idan aka yi hukunci shi ne na farko da ido zai koma kansa.

Da yake babu takarda, babu kuma sanarwar sallama. Ana iya sallamar mutum a wurin ajiye motoci ranar Juma'a da yamma, ko ta saƙon waya. Lydia Ko ta New Zealand ta yi aiki da aƙalla kedi bakwai a kakarta ta farko a 2014, kuma a Oktoban 2016 ta rabu da Jason Hamilton alhali tana ta ɗaya a duniya, bayan sun ci manyan gasanni biyu da azurfar Olamfik tare. Ba laifi ta yi ba, haƙƙinta ne ta zaɓi wanda hankalinta ya kwanta da shi, kuma kedi ma kan bar 'yar wasa idan ya hango jakar da ta fi tsoka. Akwai kuma waɗanda zamansu ya ɗore: Brad Beecher ya yi fiye da shekara goma tare da Inbee Park ta Koriya ta Kudu har da lokacin da ta ci zinaren Olamfik na Rio a 2016, Jason McDede na tare da Nelly Korda lokacin da ta ci gasa bakwai a 2024, Brooke Henderson ta Kanada kuwa yayarta Brittany ce ta daɗe tana riƙe mata jaka. Waɗannan su ake gani a talabijin. Sauran, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, suna shiga kowace shekara ba tare da sanin ko jakar da suka fara da ita za ta kai su damina ba. Jiki kuma yana karɓar rabonsa, gwiwa da baya su ne kan fara gazawa. A Disambar 2016, a gasar mata ta Dubai da ke ƙarƙashin ƙungiyar golf ta mata ta Turai, Max Zechmann, mai shekara 56, wanda ke ɗaukar wa Anne-Lise Caudal ta Faransa jaka, ya yanke jiki ya faɗi a rami na 13, ya rasu. An dakatar da wasa a ranar, aka rage gasar zuwa kwana uku.

Hujja ta ƙarshe da ake kawowa ita ce mafi nauyi: su kansu 'yan wasan da yawansu ba su tsira ba. Wadda aka sallama ranar Juma'a ta yi asarar kuɗin jirginta da masaukinta, ga kuɗin makon kedi da dole ta biya. Tazarar da ke tsakanin mai bugu da mai ɗaukar jaka wani lokaci ba ta da yawa. Sophia Popov ta Jamus, makonni kaɗan kafin ta lashe waccan gasa ta Royal Troon a 2020 tana ta 304 a duniya, jakar ƙawarta Anne van Dam take ɗauka a wata gasa a Ohio. Saboda haka neman a ɗora wa 'yar wasa ƙarin kuɗi ba zai warware komai ba, tatsar saniyar da ba ta ƙoshi ba ne. Wurin da ya kamata a duba shi ne masu shirya gasa da kamfanonin da ke ɗaukar nauyi. Jimillar kuɗin gasannin LPGA ta haura dala miliyan 100 a shekara, amma mafi yawan ƙarin yana taruwa ne a saman jeri, inda kanun labarai suke. Kowane kedi yana sanye da 'yar shara mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ɗauki nauyin gasar, yana yawo da ita gaban kyamara awa biyar. A ɓangaren maza, masu ɗaukar jaka sun kai ƙara kotu a 2015 suna neman a biya su ladan wannan talla, kotu ta kori ƙarar a 2016. Rashin nasara a kotu bai sa tallar ta daina zama talla ba.

An riga an nuna cewa gyara mai yiwuwa ne idan an so. A gasar US Women's Open ta 2024, mai kuɗi dala miliyan 12, wadda Yuka Saso ta lashe, an ba kowace ƙwararriyar da aka sallama bayan kwana biyu dala 10,000, kuɗin da ya isa ta biya kedinta ba tare da ta ci bashi ba. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa irin wannan zuwa gasannin mako-mako, a ware wa masu ɗaukar jaka tallafin tafiya, musamman zuwa Asiya da Turai, a haɗa su cikin inshorar lafiya ta bai-ɗaya, a kuma tsara gajeriyar takardar yarjejeniya da za ta fayyace kaso da wa'adin sallama. Kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin gasannin shekara guda ya haura dala miliyan 1, kuma mutanen da ake magana a kansu ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.