Taswira ta nuna gidan namun dawa a Gadabeji

Arewa da garin Dakoro, cikin jihar Maraɗi, akwai gandun dajin Gadabeji. An keɓe shi tun shekara ta 1955. Faɗinsa hekta 76,000 ne.

Tsofaffin makiyaya sun san wannan daji cike da barewa da jimina da raƙumin dawa. Farauta da fari, musamman farin shekarun 1970, suka rage su ƙwarai. Raƙumin dawa ya ɓace daga wurin kusan shekara 50.

A 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure, kusa da Yamai, aka kawo su Gadabeji cikin manyan motoci, tafiyar kilomita 800. A 2022 aka ƙaro 4. Yanzu har sun hayayyafa.

To, yaya ake sanin wurin da dabba ta fi bukata cikin wannan babban daji? Da taswira. Taswira zanen ƙasa ne bisa takarda.

Ma'aikatan daji suna yawo da wata ƙaramar na'ura mai suna GPS. Inda suka ga barewa ko sawunta, sai su ɗauki lambar wurin. Haka suke yi wa tabki da rijiya da burtali. An kuma maƙala wa waɗansu raƙuman dawan Nijar na'ura mai aiki da hasken rana, tana faɗin inda suke ta hanyar tauraron ɗan'adam. In an haɗa lambobin bisa taswira, sai a ga inda dabbobi suke cin ganyen aduwa da ƙandili, da inda suke haihuwa.

A 2017 hukumar UNESCO ta sa Gadabeji cikin wuraren da duniya take kula da su. Irin wannan wuri kashi 3 ake raba shi: tsakiya don namun dawa, kewaye don aikin da ba ya ɓarna, sannan wurin garuruwa da rugage.

Nan ne maganar ta shafi makiyayi da manomi. Burtali ko mashaya da ba ta shiga taswira ba, ana iya mantawa da ita ranar shiri. Saboda haka in ma'aikata sun kira taro, Filani da Buzaye da Hausawa su je, su nuna hanyoyin bisashensu. Na'ura tana auna wuri, amma mai kiwo shi ya san sunan kowane tabki da watan da yake ƙafewa.