INDA MANYAN AREWA SUKA KOYI RIƘON JAMA'A

In ana zancen manyan Arewa na farko, mutane suka fi ambaton abin da suka karanta a aji: Turanci, lissafi, labarin ƙasa da tarihi. Ba a cika tuna abin da suka koya bayan an tashi daga aji ba, watau tsakanin la'asar da sallar lisha, a filin wasa da ɗakin taro da ɗakunan kwana. Alhali kuwa a can ne yaro ɗan shekara goma sha biyar ya fara sanin yadda ake tsayawa gaban jama'a a yi magana, da yadda ake ba na ƙasa umurni, da kuma yadda ake ƙin umurnin na sama in ya kauce hanya.

Tushen abin yana Kwalejin Katsina, wadda ta fara ɗaukar yara cikin 1921, Gwamna Clifford kuma ya buɗe ta cikin 1922. Nufin Turawa a fili yake. Suna son malaman da za su koyar a makarantun larduna, masu ladabi, waɗanda ba za su tayar wa sarakuna ko Razdan da hankali ba. Saboda haka suka ɗauko tsarin makarantun kwana na Ingila suka dasa. Aka rarraba yara gida-gida, kowane gida da babban yaro mai lura da tsabta da horo da kashe fitila. Aka ɗora wasanni bisa wannan, musamman kurket da fayis. Ahmadu Raba, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, ya zauna a nan daga 1926 zuwa 1931, har ya zama kyaftin na fayis, bai kuwa rabu da wasan ba har ƙarshen ransa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga cikin 1928 ya fita cikin 1933, kuma lafazin Turancin nan nasa da ya riƙa ba mutanen Ikko da na London mamaki, a Katsina aka goge shi, don makarantar ta shahara wajen tilasta wa yara furta kowace kalma daidai a gaban 'yan'uwansu.

WASAN KWAIKWAYO YA ZAMA MAKAMI

Sai dai wanda ya koya wa yaro magana bai da ikon zaɓar masa abin da zai faɗa. Da aka mai da kwalejin Kaduna cikin 1938, cikin yaranta akwai wani ɗan malaman Kano, Aminu ɗan Malam Yusufu. Tun yana Midil ta Kano ya taɓa jan 'yan'uwansa suka yi yaji saboda ƙarancin sabulu da rashin kyan abinci. A Kaduna sai ya sami abin da ya fi yaji kaifi. Ya riƙa tsara wasannin kwaikwayo da Hausa, yara suna yi a gaban malamai da baƙi. Sunayensu kaɗai sun isa su nuna inda aka dosa, kamar "Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?" da "Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya". Maganar da ba mai iya faɗa wa hakimi ko ɗan kasuwa ido da ido, sai a sa ta a bakin yaro mai gemun auduga, kowa ya yi dariya, amma saƙo ya isa.

Ba duk wasannin makaranta ne na tsokana ba. "Wasan Marafa" na Abubakar Tunau, wanda aka buga cikin 1949, gargaɗi ne a kan tsabta da kiwon lafiya a ƙauye, irin abin da hukuma da kanta take so a yaɗa. Abin lura shi ne, rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa a hannun malaman makaranta da almajiransu ya yi rarrafe, tun kafin rediyo ya karɓe shi.

Yaran nan da suka fita suka zama malamai, sai suka tafi da al'adar taro da muhawara duk inda aka kai su. A Bauci, inda Ɓalewa da Aminu suke koyarwa a Midil, an kafa taron tattaunawa cikin 1943 tare da Malam Sa'adu Zungur, ana zama ana tambayar yadda En'e take tafiyar da mulki, har abin ya dami fada. A Sakkwato, Shehu Shagari, wanda ya fito daga Kwalejin Kaduna cikin 1944 yana koyar da kimiyya a Midil, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar samari irin wannan. Malam Aminu ya dawo daga karatu a London ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa cikin 1948. Waɗannan ƙananan tarurruka su ne suka haɗu suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu, ta koma jam'iyyar siyasa cikin 1951. Duk mai duba tsarin tarurrukansu zai ga hannun makaranta: ga shugaba, ga magatakarda mai rubuta abin da aka faɗa, ga ma'aji, ga ɗaga hannu kafin a yi magana.

MARU, MAKARANTAR DAJI

Da Malam Aminu ya ishi hukuma a Bauci, sai aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru, can cikin ƙasar Zamfara, nesa da jarida da masu karanta ta. In an yi haka ne don a huta, to, ba a huta ba. A wannan makaranta ya haɗu da wani saurayin malamin Arabiyya, Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya yi saɓani da limamin garin a kan yin taimama alhali ga ruwa, magana har ta kai gaban Sarkin Musulmi Abubakar. Yaran ƙauye da aka tara don su koyi rubuta darasi a allo sai ga su suna kallon malamansu biyu suna ja da manya da hujja, ɗaya a kan mulki, ɗaya a kan addini. Cikin Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, kafin shekarar ta ƙare kuma Malam Aminu ya ajiye alli ya shiga siyasa gaba ɗaya.

Ita kuwa babbar kwaleji an sake mai da ita Zariya cikin 1949, ita ce aka raɗa wa suna Barewa cikin 1971. A nan wata sabuwar ƙungiya ta fito wadda ta sauya tarihin ƙasa fiye da muhawara, watau ta yara masu koyon faretin soja. Manyan Arewa sun lura hafsoshi 'yan ƙasa yawancinsu daga Kudu suke, sai suka riƙa kwaɗaitar da yaran kwaleji su shiga soja. Yakubu Gowon na Wusasa, gwanin gudu da dambe kuma mai tsaron gida a ƙwallo, ya shiga cikin 1954. Murtala Muhammed, wanda ya zama kyaftin na harbi a shekararsa ta ƙarshe, ya bi baya cikin 1958. Gowon ya hau mulkin Nijeriya cikin Agusta 1966 yana da shekara 31, Murtala ya sauke shi ran 29 ga Yuli 1975. Ƙane ne a makaranta ya ture wansa, abin da dokar gidan kwana ba ta taɓa yarda da shi ba.

Kada a ɗauka tsarin nan ba shi da aibu. Manyan yara sun sha zaluntar ƙanana da sunan horo, su sa su wanki da ɗebo ruwa, wani ma ya fita da ɗabi'ar ganin duk na ƙasa da shi bara ne. Kuma 'yan kaɗan ne ƙwarai suka sami shiga, 'yan mata kuwa sai daga baya aka tuna da su sosai.

Bayan an buɗe shirin ilmin firamare kyauta cikin 1976, yara suka yi yawa, gwamnatocin jihohi suka kasa ciyar da su, makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita. Yaron da zai tashi da azahar ya wuce gona ko kasuwa ba shi da la'asar ɗin da zai ba ƙungiya. Makarantun kwana da suka saura a karkara su ne suka riƙe ragowar al'adar, da 'yan sikawut da ƙungiyar manoma matasa da ta ɗalibai Musulmi, su ne kuma 'yan bindiga suka auka wa. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina. Cikin Fabrairu 2021 aka shiga ta Kagara a jihar Neja, a ƙarshen watan kuma aka ɗebi 'yan mata 279 a Jangebe, ƙasar Talatar Mafara, wadda ba ta da nisa da Maru. Bayan wannan jihohi da dama suka rufe makarantun kwana na karkara na wani lokaci, iyaye da yawa kuma suka gwammace yaro ya kwana a gabansu.

Masu tsara ilmi in sun zauna lissafin hasarar da aka yi, darussa da jarrabawa suke ƙidayawa. Yaron ƙauye da ya koma makarantar jeka-ka-dawo zai iya rama lissafin da ya wuce shi in ya sami malami. Amma a garinsu ba mai ba shi gida guda na yara sa'o'insa ya riƙe shekara ɗaya, ba kuma mai tsai da shi gaban taro ya ce masa ya kare ra'ayinsa.