In Tsohuwar Mota Ta Ƙi Tashi: Yadda A Ke Bin Sawun Wuta

Ya kai manomi mai tsohuwar mota, wannan takarda dominka a ka rubuta ta. Ka san yadda abin ya ke: an ɗora buhunan gyaɗa, ga hadari ya haɗo, ga kasuwa da nisa, a murɗa makulli, inji ya yi ta juyi amma ya ƙi kamawa. Mutane da yawa sai su hau sayen kaya, yau koyil, gobe batir, har kuɗin amfanin gona ya ƙare, cuta kuwa tana nan. Injin fetur abu uku ya ke bukata: mai, da iska, da wuta a kan lokacinta. Maganar wuta za mu yi, mu ɗauki Land Rover mai injin fetur na lita 2.25, wanda a ka fara yi a 1958, ta zama abin misali.

Yadda wuta ke tafiya

Wani Ba'amurke, Charles Kettering, shi ya tsara wannan dabara, a ka sa ta a motar Cadillac a 1910. Motoci su ka yi ta aiki da ita har wajen 1970 da 'yan kai, sa'ad da na'urar lantarki ta soma karɓe aikin.

Batir volt 12 ya ke bayarwa, wannan kuwa ba ya iya tsallake bakin fulogi. Saboda haka wuta ta kan bi ta makulli ta shiga koyil, daga nan ta wuce kwantak, watau 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa cikin distiributa, ta koma jikin mota. Sa'ad da kwantak ya buɗe, a daidai wannan ƙiftawar ido koyil ke haifar da wuta mai ƙarfin volt dubu goma ko fiye. Babbar waya ta kai ta tsakiyar murfin distiributa, rota ya rarraba ta ga fulogai. Inji mai silinda 4 in yana juyi 2,000 a minti guda, kwantak ya kan buɗe sau 4,000. Kada ka yi mamaki in ya gaji.

Kafin ka taɓa kome

Fid da giya, ka ja birkin hannu. Tuɓe babbar riga, gama fanka ba ta san mai ita ba. In fetur ya zube a kan inji, goge shi, ka bari ya bushe tukuna. In da hannun tuƙi za a juya inji, sai mai juyi ya ajiye babban yatsansa gefe ɗaya da sauran, domin in inji ya mayar da bugu kada ya karya shi.

Na fari: batir

Kunna fitilun gaba, sa'an nan a murɗa makulli. In sun dushe ƙwarai, ko batir ya yi sanyi, ko kawunansa sun yi datti. Farin garin nan da ke taruwa a kai, ruwan kanwa mai ɗumi yana wanke shi, amma kada ɗigo ɗaya ya shiga cikin batir. Duba kuma wayar da ta haɗa batir da jikin mota, ka ƙara ɗaure ta.

Na biyu: fulogi

Zare waya daga fulogi ɗaya, ka riƙe ta da busasshen kara, bakinta ya rage kwata na inci ya taɓa ƙarfen inji. Wani ya juya inji. In ka ga tartsatsi shuɗi yana ƙara tas-tas, wuta tana zuwa. To, sai ka kwance fulogai ka karanta fuskarsu. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙin gari kamar kunkunniya, mai ya yi yawa. Jiƙa da baƙin mai, inji ne ya tsufa. Fari fat, zafi ya yi yawa. Tsakanin bakin fulogi ya zama inci 0.030. In dukansu lafiya, ka koma wajen fetur.

Na uku: murfi da rota

In ba wuta a fulogi, zare babbar waya daga tsakiyar murfin distiributa, ka gwada ta kamar dā. In ta ba da tartsatsi, koyil da kwantak ba su da laifi, ɓarna tana tsakanin murfi da fulogi. Buɗe murfin ka duba cikinsa da haske. Da damina raɓa ta kan kwanta ciki, busasshen tsumma ya isa. Amma in ka ga siririn baƙin zane kamar na fensir, hanya ce da wuta ta haƙa wa kanta, sai sabon murfi. Duba ɗan gawayin da ke tsakiya, ko yana nan, ko yana dannuwa ya dawo. Sa'an nan kawo bakin babbar waya kusa da tagullar rota, a juya inji. In tartsatsi mai ƙarfi ya tsallaka, rota ya huje, yana zubar da wuta cikin ƙarfe.

Na huɗu: koyil da kwantak

Nan ne aiki ya ke. In babbar waya ba ta da wuta, nemi ƙaramin ƙwan fitila na volt 12 mai wayoyi biyu. Ɗaya ka maƙala a jikin mota, ɗaya ta zama abin taɓawa. Buɗe makulli.

Koyil yana da ƙananan kunnuwa biyu. Taɓa wanda ke zuwa daga makulli. In ƙwai bai kama ba, laifin makulli ne ko wayarsa. In ya kama, taɓa na biyun, mai zuwa distiributa, a juya inji sannu. Ga abin da ya kamata: ƙwai ya kama sa'ad da kwantak ya buɗe, ya mutu sa'ad da ya rufe.

In ya zauna a kunne bai mutu ba, wuta ba ta wucewa ta kwantak. Ko fuskokinsa sun yi datti, ko siririyar wayar da ke cikin distiributa ta tsinke cikin rigarta. In kuwa ya ƙi kamawa sam, kwance wayar distiributa daga kunnen koyil, ka sāke taɓa kunnen. In har yanzu shiru, koyil ya ƙone. In ya kama, wuta tana sulalewa cikin distiributa: ko kwantak ba ya buɗewa, ko kondensa ta lalace, ko wanda ya ɗaura kwantak ya sa 'yar robar da ke raba waya da ƙarfe ba daidai ba.

Rashin buɗewa shi ya fi yawa a wurinmu. Ƙurar hunturu ta kan shiga ta ci dunduniyar kwantak, baki ya yi ta ƙuntata har ya rufe. Juya inji har dunduniya ta hau kan tudun sandar, ka sassauta sukuru, ka gyara baki ya zama inci 0.015, watau kusan kaurin katin gidan waya. Shafa wa sandar giris kaɗan, kamar ƙwayar gero.

Aikin kondensa shi ne shanye wutar da ke son tsallake kwantak. In ka ga kwantak yana walƙiya da yawa, fuskokinsa sun ƙone, tartsatsin fulogi kuwa ja ne mara ƙarfi, sāke kondensa. Wani koyil kuma lafiyarsa lau da safe, amma in ya yi zafi mota ta mutu, sai ya huce ta tashi. Abin da ya fi kashe koyil shi ne barin makulli a buɗe inji ba ya aiki.

Na biyar: jeri

In wuta tana nan, amma inji yana tari yana harbi bayan an taɓa wayoyi, an rikita jeri. Silinda ta 1 ita ce ta gaba wajen fanka. Jerin kuwa 1-3-4-2 ne, rota yana juyawa saɓanin hannun agogo. Lura kuma, Land Rover da a ka yi kafin 1967 kan batir mai alamar + shi ke haɗe da jikin mota, na baya kuwa mai alamar −. In a ka juya batir, dole a juya wayoyin koyil.

Gargaɗi na ƙarshe

Ka bi waɗannan matakai bi da bi, kada ka gyara abu biyu gaba ɗaya, domin ka san wanda ya yi magani. Kafin kaka, sa kwantak, da kondensa, da rota, da fulogi biyu, da ƙwan gwaji cikin gwangwani mai murfi, ka ajiye a mota. In ka bi duka har ƙarshe ba ta tashi ba, kira makanike, ka gaya masa abin da ka gwada da abin da ka gani. Aikinsa zai yi sauƙi, ladansa kuma ya ragu.