IN MASOYINKI ZAI BAR SIGARI: Labarin Ƙwayar Da Aka Gwada A Kan Mashaya

Yau zancen taba sigari na kawo mana. Na san wata za ta ce, "To Anti, mu ina ruwanmu da taba?" Da ruwanki kuwa, ƙanwata. Wata yayanta ne ke sha, wata mahaifinta, wata kuwa wanda aka sa musu rana ne, har ta gindaya masa sharaɗin sai ya bari kafin a kawo lefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 duk shekara, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su sha, hayaƙin na kusa da su kawai suke shaƙa.

Kukan da na fi ji daga 'yan mata shi ne, wai tunda saurayi ya ajiye taba ya canza. Ya zo zance ba fara'a, abu kaɗan ya hau faɗa, a gaya masa magana yanzu an jima ya manta. Sai yarinya ta shiga ɗaki tana kuka wai ya daina sonta. Haba ke kuwa! Tsaya ki ji abin da ke faruwa a kansa.

A cikin taba akwai sinadarin nikotin. Da zarar an zuƙi hayaƙi, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, ya sa ta saki wani sinadarin jin daɗi mai suna dofamin. Yau da gobe sai ƙwaƙwalwa ta saba, sabo kuwa turken wawa ne. Ranar da aka hana ta, sai mutum ya kasa tara hankalinsa wuri ɗaya, ga mantuwa, ga saurin fushi, ga rashin barci. Abin ya fi tsanani a makon farko, yawanci kuma yana lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu. Wannan ruɗewar ce ke mayar da da yawansu gidan jiya.

Saboda haka ne masana suka shiga neman maganin da zai lallashi ƙwaƙwalwa. Tun 1964 ake sayar da wata ƙwaya mai suna Tabex a ƙasar Bulgeriya, wadda ake yi da sinadarin saitisin na jikin wata bishiya. A kan wannan ne kamfanin Pfizer ya ɗora nasa binciken, ya fito da barenikilin, wanda aka sani da Chantix ko Champix. Aikinsa shi ne ya je ya zauna a gurbin da nikotin ke zama a ƙwaƙwalwa. Yana ba ta ɗan daɗin da ta saba don kada ta tayar da bori, in kuma mutum ya kunna taba sai ya ji ta salam, don an riga an tare wurin.

To yaya ake gwada irin wannan magani? Masu sa kai ake tarawa a raba su ta hanyar ƙuri'a. Wasu a ba su maganin gaske, wasu a ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, kuma daga likitan har mai shan ba wanda ya san wace ce wace. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2006, mai mutum 1,025, kashi 44 cikin ɗari na waɗanda suka sha barenikilin ba su taɓa sigari ba a watan ƙarshe na shan maganin, alhali a masu ƙwayar banza ba su kai kashi 18 ba. Amma bayan shekara guda, kusan kashi 22 ne kawai suka ɗore. Kun ga ke nan magani taimako ne, ba ya maye gurbin niyya.

A 2006 ɗin Amurka ta ba da izinin sayar da shi. Ba a jima ba sai ƙorafi ya fara shigowa. Wasu suka ce suna ganin munanan mafarkai, wasu baƙin ciki ya rufe su, wasu har da tunanin kashe kansu, wa'iyazu billahi. A 2008 aka hana matuƙan jirgin sama na Amurka shan sa, a 2009 kuma hukumar magunguna ta ƙasar ta sa a buga gargaɗi mafi tsanani a takardarsa. Tambayar da ta tsaya wa kowa ita ce, maganin ne ke taɓa hankali, ko kuwa rashin tabar ne?

Sai aka sake babban gwaji a ƙasashe 16, da mutum 8,144, kusan rabinsu masu tarihin larurar ƙwaƙwalwa. Sakamakon ya fito a 2016, ya nuna ba wani bambanci na a-zo-a-gani wajen manyan matsalolin tunani tsakanin masu shan maganin da masu ƙwayar banza. A watan Disamba na shekarar aka cire wancan gargaɗi. Tun a 2009 ma masu bincike a Jami'ar Fensilbeniya sun gano cewa yana taimaka wa wanda ya ajiye taba wajen nutsuwa da riƙe abu a ka. Duk da haka yana da nasa laifin, kusan mutum 3 cikin 10 na jin tashin zuciya, wasu kuma barcinsu na rikicewa. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barenikilin da saitisin cikin magungunan da ta amince a yi wa manya amfani da su.

Shawarata gare ki ita ce, kada ki ce ya je kemis ya sayo da ka. Ki lallaɓa shi ya ga likita, ya gaya masa duk ciwon da yake da shi, musamman na ƙoda ko farfaɗiya ko damuwa. Idan ya fara sha kuka ga halinsa ya canza sosai, ko yana zancen mutuwa, a tsayar a koma asibiti ranar. Mai ciki, mai shayarwa da wadda ba ta kai shekara 18 ba, ba nasu ba ne sai da izinin likita. Ke kuma mai ɗan taɓa shisha da ƙawaye, nikotin ɗin nan dai shi ne a ciki.

Watan farko kuwa sai haƙuri, 'yar'uwa. In ya manta alƙawari ki tuna masa cikin laushin murya, in ya yi kwana uku bai sha ba ki yaba masa, in ya zame ya sha kara ɗaya kada ki yi masa gori, ki ce ya sake ɗaura ɗamara. Allah Ya ba mu mazaje nagari masu lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.