Cika Mudu Shi Ne Jarin Mai Awo

Ranar kasuwa masu awon hatsi sukan jeru a layi guda. Gero iri ɗaya, dawa iri ɗaya, kuɗin mudu ma kusan ɗaya. Amma sai a ga jama'a sun taru gaban mutum guda, na kusa da shi kuwa yana zaune yana korar ƙuda. Me ya jawo haka? Amana ce.

Abu na farko shi ne mudu. Wasu sukan bubbuga gindin kwanon awo ya lotsa. Wasu kuma mudu biyu gare su, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Sun manta uwargida ta san yawan tuwon da mudu guda yake yi mata. Ranar da tuwo ya kasa za ta gane, ta faɗa wa maigida, maƙwabta kuma su ji.

A duba lissafi. Mako 52 ne a shekara. Magidancin da yake awon mudu 2 kowane mako, mudu 104 ke nan yake saye a shekara. Wanda ya tauye masa tafi guda ya kore shi, ya yi asarar wannan ciniki duka.

Na biyu, tsabtar kaya. A sheƙe hatsi, a tsince tsakuwa, a zuba bisa tabarma mai kyau. Kada a haɗa tsohon wake da sabo. In ƙwari sun taɓa shi, a faɗa wa mai saye, a rage masa kuɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na uku, zama wuri guda. Mai awon da ba ya sauya rumfa, ko yaro aka aika zai same shi. Yaron nan kuwa a auna masa yadda za a auna wa ubansa, har da gyara.

Na huɗu, bashi. A sami ɗan littafi a rubuta suna, da rana, da yawan mudu, a gaban mai karɓa. Rubutu yana kashe gardama, ya bar zumunci.

Sai kuma sakin fuska, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Duk waɗannan ba sa bukatar ƙarin jari. Mai buhu guda ma zai iya farawa ranar kasuwa mai zuwa.