Yadda Littafin Bashina Ya Shiga Jami'a

Shekara 27 ke nan ina sayar da goro a Kumasi, ban taɓa zaton littafin bashina zai shiga jami'a ba. Sai ga shi bana ya shiga, ta hannun 'yata da ke shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta.

A shekarar ƙarshe, kowane ɗalibi sai ya yi aiki na kansa kafin a ba shi shaidar kammalawa. Ita ta zaɓi haɗa manhajar waya wadda ɗan kasuwa zai faɗa wa bashi da baki, da Hausa, ta rubuta: wane ya ɗauki huhu kaza, ya biya kaza, saura kaza. Wata huɗu tana fama, duk bayan mako biyu ta kai wa malaminta ya ga inda aka kwana. Ni kuwa kuɗin data da na gyaran kwamfuta kawai nake ganin suna fita. Har na taɓa ce wa mahaifiyarta da shago ta zauna da ya fi.

Ana haka saƙo ya zo cewa an karɓi aikinta a wani taron masana kwamfuta a Accra, za ta nuna shi a fosta. Saura mako shida. Sai ta kawo wayar rumfata a gwada.

Na ce, "Alhaji wane, miliyan biyu." Manhaja ta rubuta sidi 2,000,000. Maƙwabtana suka fashe da dariya. A 2007 ne Ghana ta cire sifili huɗu daga kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi 1, amma bakinmu bai canja ba. Miliyan biyu a kasuwa sidi 200 ne. Can kuma wani abokin cinikina ɗan Nijar ya ce "dala ashirin", ta rubuta 20. A lissafinsu dala ɗaya sefa 5 ce, wato sefa 100 yake nufi, kamar yadda jika ke nufin sefa 1,000.

Idanunta suka kawo ruwa. Ta ce, "Baba, aikina ya rushe."

Na ce, "Haba Uwata, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ai gara a nan da a gaban mutanen Accra."

Da ta gaya wa malaminta, cewa ya yi wannan kuskuren shi ne binciken. Mako biyu ta yi zaune a rumfa, tana neman izinin mutane tana rubuta yadda kowa ke ƙirga kuɗi. Ta gyara manhajar, yanzu kafin ta ajiye lissafi sai ta maimaita adadin ta tambaya: wane kuɗi, tsohon ƙirge ko sabo?

Sai maganar fosta. Takarda ce ƙatuwa, tsawo santimita 119, faɗi 84, da ake kafewa a allo, mai ita ya tsaya a gefe, jama'a na wucewa suna tambaya. Tsarin farko da ta nuna mini a kwamfuta cike yake da ƙananan rubutu kamar tururuwa. Na ce mata wannan ai kasa kaya ne. Mai wucewa kallo ɗaya yake yi, in bai ga manyan goro a sama ba ya yi gaba.

Ta sake shiri. A sama tambaya ɗaya da manyan baƙaƙe. A tsakiya hoton shafin littafina, an rufe sunayen mutane. Kusa da shi jadawali mai layi uku: abin da aka faɗa, abin da manhaja ta rubuta, abin da ake nufi. A ƙasa kuma ta rubuta inda har yanzu take gazawa, wato in hayaniyar kasuwa ta yi yawa ba ta ji daidai.

Nan muka yi gardama. Na ce wa ke tallan aibin kayansa? Ta ce, "Baba, in huhu ya fara bushewa, kana ɓoye wa mai saye?" Na yi shiru, don ba na ɓoyewa, shi ya sa suke dawowa.

'Yan'uwa iyaye, in yaro ya duƙufa kan kwamfuta, kada mu tsaya a tambayar nawa aka kashe. Mu ce ya kawo mu gwada. Akwai abin da muka sani a kasuwa wanda ba a koyarwa a aji.

Gobe da asuba za ta hau motar Accra, fostar na nannaɗe cikin bututun roba saboda ruwan sama. Ni na biya kuɗin bugawa, kuma ban rubuta shi a littafin bashi ba. Allah Ya kai ta lafiya, Ya ba da sa'a.